Ranar Da Na Tuɓe Takalmi A Zauren Surukina

Surukina ya zauna kan injin sassaƙa ƙarfe kamar yadda wasu ke zama kan gona. Daga Maraɗi ya sayo shi, ya girke shi a zauren gidansa a Sabon Birni. Masu injin ban ruwa har daga Isa da Gatawa suke kawo masa gyara. Idan injin ya kama ci, sai ɓarɓashin ƙarfe ya yi ta tsalle, wani a nannaɗe, wani siriri kamar ƙaya. Shara kuwa ba ta cikin tsarinsa.

Lokacin bai zama surukina ba. Na je gaisuwar farko ne, ina neman ’yarsa, kuma an gargaɗe ni cewa ya kori mutum biyu kan rashin ladabi. Tun daga bakin ƙofa na tuɓe takalmi kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Taku na uku na san na shiga uku. Amma ɗan mutunci ba ya ihu a gaban uban yarinya, don haka na lallaɓa na durƙusa, gwiwoyina ma suka samu rabonsu.

Gaisuwarmu ta Gobir ba ta da gaggawa. Ya tambayi mahaifina, ya tambayi damina, ya tambayi shanun kawuna na Kurawa. Ina ta “lahiya lau”, hawaye na zuba. Wallahi a raina na zagi injin nan har wanda ya ƙera shi.

Can ya kashe injin, ya dubi sawuna.

“Yaro, mi as sa ka tuɓe takalmi? Ko liman da takalminai yaka shiga nan.”

Na ce, “Baba, ban iya taka zaurenka da takalmi.”

Sai ya jawo mayen ƙarfen da ya ciro daga wata tsohuwar sifikar rediyo, ya ɗora ƙafata a cinyarsa, yana bin tafin da shi yana zaro ɓarɓashin da ya sossoke ni, wanda ya ƙi fita ya sa hantsaki. Kunyar da na ji ta fi zafin.

“Wauta gare ka,” in ji shi, “amma za ni ba ka ita. Turo magabatanka.”

Ya ɗaura wa mayen ƙarfen igiya ya miƙo mini, wai in ja shi a ƙasa kafin su zo. Ni na share zauren ranar, ina ɗingishi, kuma ni na ci gaba da share shi duk Juma’a har ya rasu. Mayen ƙarfen yana rataye a ɗakina, da igiyarsa.