Mai Leda da Ƙafar Kawuna

Bakwai na safe ba ta cika ba ta buɗe ɗakin wankin ciwo, ta jera almakashi da auduga da bandeji, ta ajiye farar leda da alƙalami a gefe. Shekara talatin da ɗaya ke nan, har sunanta ya ɓace, kowa a asibitin Mai Leda yake ce mata. Jibi za ta yi ritaya, ni kuwa wallahi sai na ba ku labarinta!

Kawuna tela ne, yana da ciwon suga. Ƙusa ta yanke shi a ƙafar da yake taka keken ɗinki, wata bakwai ciwo ya ƙi rufewa. Likita ya ce mako huɗu, in bai ragu ba, za a yanke ƙafar.

Mai Leda ta leƙa ciwon, ta dube ni. "Wa ke wanke masa?"

"Ni ce, Sista. Kullum ina shafa masa maganin aidin, sai in bar shi ya sha iska."

"Sannu, likitar gida! Kin ɗauka yankan wuƙa ne? Sabon ciwo ya san hanyarsa: jini ya daskare, ya ɗan kumbura, sabon nama ya tsiro, fata ta rufe. Wannan gyambo ne. Ya maƙale a kumburi, mataccen nama ya toshe shi, jini ba ya isa sosai."

Ta hau kankare mataccen naman har jan jini ya ɓullo.

Kawu ya zabura. "Baiwar Allah, gyara na zo ko ƙari?"

"Malam tela, kai ba ka farke ɗinki in ya karkace?"

Ta shimfiɗa leda a kan ciwon, ta zana bakinsa, ta rufe shi da danshinsa, ta hana Kawu taka ƙafar, ta sa ido kan sugansa. Mako ɗaya, zane bai motsa ba. Mako biyu, haka. Na daina cin abinci. A na uku ta ɗora sabuwar leda kan tsohuwa, sai ga sabon zane ya faɗa cikin tsohon, ciwo ya ragu! Da gudu ta kai wa likita, ko safar hannu ba ta cire ba.

Ke ce mai farkar da ciwon da ya yi barci, Sista. Ke ce ba kya toshe hanci a gaban mara lafiya. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Masu tasowa a wannan aiki, ku ɗauki ledarta ku ci gaba.

Rigar da za ta sa jibi kuwa, Kawu ne ya ɗinka. Da wannan ƙafar.