Lomar da kakata ke ci a bakin ƙofa

Ina shekara goma sha bakwai aka tsare ni a gidan gyaran hali na yara, saboda wayar wutar da muka yanke a wata masana'anta. Babana ya rantse ba zai taka wurin ba. Mahaifiyarsa ce, kakata, take hawo keke napep daga Unguwar Mu'azu kowace Alhamis, da samirar dambu a ɗaure cikin tsumma.

Tun asubar Alhamis ba na iya zama. In je taga, in dawo, in sake komawa. Ina so in ce ɗokin ganinta ne, amma ƙarya zan yi. Dambun nake jira, kuma ba ni nake ci ba. Babban yaron ɗakinmu nake kai wa, shi kuma ya ba ni sigari.

Dokar gidan ita ce duk wanda ya kawo abinci sai ya ɗanɗana a gaban ganduroba kafin a shigar. A waje ake yi, ban taɓa gani ba, sai ranar da aka sa ni shara kusa da ƙofa. Ganduroban sabo ne. Ya buɗe samirar ya tura mata.

"Mama, a taɓa."

"Ɗan nan, azumi nake."

"Doka ce, Mama. Ko ki ci, ko ki koma da shi."

Ta dubi samirar. Sannan ta ɗebi loma ɗaya ta kai baki.

Na san azumin Alhamis ɗinta tun ina goye. Ko zazzaɓi ba ya hana ta. Wata huɗu ke nan tana ɗaukar azumin, tana zuwa ta karya shi a ƙofar nan, ni kuwa ina mayar da dambun hayaƙi.

A ɗakin ziyara ta dube ni sama da ƙasa.

"Maigida, kai wane irin miji ne? Ina ta ciyar da kai kana ta ramewa. Sakin ka zan yi."

Da can nakan ce ai ni na gaji da tsohuwar mata. Ranar na kasa.

"Kaka, ba ni nake ci ba. Sigari nake karɓa da shi."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ninke tsummanta, ta ce da ganduroba ta gama, ta fita alhali lokaci bai cika ba.

Satin nan ban san yadda na yi shi ba. Na yi faɗa da yaro biyu a kan abin da bai kai ya kawo ba. In ta daina zuwa, ba ni da kowa a waje. Na riƙa tsara maganar ban haƙuri, ina rushewa.

Alhamis, har azahar ba a kira ni ba. Sai dab da rufe ziyara. Tana zaune a benci, hannunta babu komai sai carbi.

"Yau ba wanda ya ce in ɗanɗana komai," in ji ta. "Zauna, mijin banza. Azumina bai karye ba, bari in yi maka addu'a da shi kafin su kore ni."

Na zauna, na buɗe tafin hannuna.