Shayin Tebur Na Bakwai

Maƙwabcina gyaran na'urorin gidajen abinci yake yi, irin allon nan da ake danna oda a kansa, firinta ta fitar da takarda a kicin, kuku ya karanta ya dafa. Ni na raɗa masa suna Kashe-ka-Kunna. Shekara goma sha biyar katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma duk wanda ya kira shi a waya abu ɗaya nake ji yana faɗa: "Firinta ta ƙi? Kashe ka kunna." Na ce masa in injiniyancin ke nan, ni da na tsaya a aji huɗu ma a ba ni jakar kayan aikin. Ya ce jakar ta fi kaina nauyi.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya aiki. Yana shafa wayar wuta zai gaya maka ɓera ne ya ci ta ko maiƙo ne ya toshe bakinta. Ciwonsa ɗaya, son jiki. In zai iya gyara daga kan benci, ko da igiya ba za ka tashe shi ba.

Yayarsa ce ta raine shi, ita ta kai shi koyon aikin. Ita da mijinta suna da gidan abinci mai tebur takwas, ita ke tsayawa gaban allo. Wata rana muna wasan lido a ƙofar gida ta kira shi, wai firintar kicin ta daina karɓar oda. Ya ce, "Yaya, kashe ki kunna, ina hanya." Ya ajiye waya ya ci gaba da wasa. Ni ma ban ce ya tashi ba, don cinsa nake yi. Ba mu gama wasa na uku ba aka sake kira. Ta faɗi a gaban allon, ba a kai asibiti da ita ba. Allah ya jiƙanta.

Tun daga ranar bai ƙara taka wurin ba, hanya ma canzawa yake yi. Mijin ya koma rubuta oda da biro, sai bana ya sayo sabuwar wayar haɗi ya jona firintar da kansa.

Sati biyu da jona ta sai ga mijin a ƙofarmu, ya rame, ya zo wurin maƙwabcina.

"Ƙanena, ka zo ka duba mana. Kullum ƙarfe uku da rabi firintar nan sai ta fitar da oda, ba wanda ya danna. Mai kai abinci ta gudu. Kuku ya ce in ta ƙara kwana biyu shi ma ya tafi, in ya tafi kuwa rufewa zan yi. Wurin yayarka ne."

Na buɗe baki zan ce ya kashe ya kunna, sai mutumin ya miƙo takardu guda goma sha huɗu. Duk abu ɗaya ne a jiki: "Tebur 7. Shayi ɗaya, ba sukari. Na ƙanena ne, yana hanya."

Maƙwabcina ba ya shan sukari. Na haɗiye maganata.

Washegari muka je, ni na riƙe masa jakar, da gaske kuma tana da nauyi. Da rana tsaka ne amma wurin shiru, fanka kawai ke juyawa. Kuku ya tsaya can bakin ƙofar baya, ƙafa ɗaya a waje. Maƙwabcina ya durƙusa bayan kantar da allon yake yana bin wayoyi, yana bayani da ƙarfi kamar an tambaye shi.

"Ga matsalar. Firiza da allo soket ɗaya suke sha. In rana ta yi zafi injin firiza ya tashi, wuta ta yi ƙasa, allo ya mutu ya dawo. Da ya dawo sai ya sake tura odar da ba a danna mata maɓallin 'an kai' ba. Shi ke nan."

Na ce, "Firizar agogo take ɗaurawa, da ba ta kuskure uku da rabi?"

Ya raba musu soket, ya canza fiyus, ya goge bakin waya. Mijin ya ce, "To goge odar mu huta." Maƙwabcina ya kai yatsa kan allon, yatsan ya tsaya a sama. Ya ce a jira lokacin tukuna, a gani. Ya ma zare firizar gaba ɗaya, ya riƙe kan wayarta a hannu.

Uku da rabi ta yi. Allo bai ƙifta ba, fitila ba ta rage ba. Daga kicin muka ji ƙirrr, takarda tana fitowa a hankali. Ni ne kusa, ni na yage ta. Da ɗuminta.

Maƙwabcina ya karɓa ya karanta, ya juya wurin kuku. "Dafa shayin."

"Wa zai sha?"

"Mai shi ya iso."

Ya zauna a tebur na bakwai, wanda ke fuskantar kantar sosai. Kuku ya kawo kofi. Ya sha a hankali har ƙasa, idonsa a kan wurin da yayarsa take tsayawa. Sannan ya tashi ya danna 'an kai'.

Washegari uku da rabi ta wuce, firinta ba ta motsa ba. Kuku yana nan har yau, ya ma ƙara ƙiba. In ka tambayi maƙwabcina zai ce maka soket ne, ni kuma sai in ce to, Injiniya.

Sunan da na raɗa masa ne ya lalace. Jiya muna tsakiyar lido, saura kaɗan in cinye shi, waya ta yi ƙara. Bai gama cewa "ina hanya" ba ya riga ya sa takalmi. Ya bar ni a kan benci da wasa a hannu.