Gaisuwar Iya Mari

Shekara shida ke nan da rasuwar maigidana, wanda 'yan kasuwar Al Ras, a nan ƙasar Larabawa, suka fi sani da Na Maraɗi. Allah Ya jiƙansa. Ni ban yi karatu mai nisa ba, kuma ba mai fita ba ce, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Shi ya sa nake son ba ku labarin wata gaisuwa.

Malam ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba, ko a lif ne. A benenmu na Al Karama akwai wani Bafaranshe mai gasa burodi a otal, da ya ɗauko tsohuwarsa bayan mijinta ya mutu. Mu Iya Mari muke ce mata. Kullum tana kan kujera a bakin ƙofa, ba ta ce wa kowa uffan. Malam ya gaishe ta da Faransancinsa na Nijar, sai dai ta gyaɗa kai. Ɗan ya ce ci ma ta rage, tsoro yake kada zaman shirun ya kashe ta. Ya ce ita da marigayi mijinta, Biritanci suke yi, wani yare dabam na ƙauyensu na bakin teku a can ƙasarsu, shi kuwa ba a koya masa ba.

Malam ya shiga waya ya nemo gaisuwar yaren. Ya yi ta nanata "Demat", wato barka da yini, a kicin har na ce, "Malam, Larabcin ma a yalla da khalas ka tsaya, sai wannan?" Ya ce, "Ke dai zuba shayi."

Da ya faɗa mata, ina bayan ƙofa. Sai na ji dariyar da ban taɓa ji ba. Ta ce masa da Faransanci, a ƙauyensu malaman makaranta ne ke gaisuwa haka. Su idan an haɗu, zancen gari ake yi. Malam ya ce ai mu ma "ya zafi" muke cewa. Daga ranar, in zai fita sai ta ce "Tomm eo", wato ana zafi, ya amsa "Ya, tomm eo", in ya juya ta bi shi da "Kenavo", sai an jima. Ta koma cin abinci. Har funkasona ta ci.

Yau benen ya cika da sababbin fuskoki, kowa ido a kan waya. Jikokina ma hannu kawai suke ɗaga mini. Nakan ce da Malam na nan, da ya tsare su a lif sai sun tambaye shi gajiya.

Ina cikin takaba aka ƙwanƙwasa ƙofa wata safiya. Iya Mari ce da sandarta. An gaya mata rasuwar, amma ta zo. Ta leƙa bayana kamar zai fito, sannan ta dube ni ta ce a hankali, "Tomm eo." Ta tsaya tana jira.

Ban taɓa faɗa ba, ji kawai nake yi ta bayan ƙofa. Na ce, "Ya, tomm eo."

Kantin Malam ya koma hannun wasu, sunansa ma an goge daga allon. Iya Mari kuwa yanzu ba ta iya tashi. Ni da ba na fita, kowace safiya nakan sa mayafi in tsallaka wurinta, domin tana jiran a amsa mata.