Ummu Ragab da Yatsun Magina Tulu

Kowace safiya, kafin a buɗe ofishin fansho na garinmu, Ummu Ragab, ma'aikaciyar ofishin, takan ɗora ruwa a wuta. Ba na shayi ba ne, na jiƙa yatsun tsofaffi ne.

Mu nan magina tulu ne. Shekara hamsin yumɓu yana cin hannunmu har zanen yatsa ya goge. Sai aka kawo na'urar da ba ta sakin fansho sai ta karanta babban yatsa. Ka ɗora, gilashi ya yi haske kore, shiru, kamar ba kowa a wurin. Wata uku a haka, sunanka ya koma cikin matattu. Ba hannun da ke mayar da shi, da kansa yake tafiya.

Haka ta faru da maƙwabcina Shahhat, wanda da fanshon yake saya wa matarsa allurar ciwon sukari. Takardar ta'aziyya ta zo wa matar, shi ya karɓa a bakin ƙofa. Har abokan hirarsa suka fara matsawa idan ya zauna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ya ɗauko likkafaninsa da ya wanko da Zamzam, ya shimfiɗa a teburin Ummu Ragab, ina tsaye.

"Tunda na mutu, 'yata, kira mai wanka."

"Naɗe kayanka, Baffa. Gawa ba ta warin albasa haka. Miƙo hannun."

Ta jiƙa, ta goge, ta gwada yatsa tara, babu. Na goma, ƙaramin na hagu, wanda magini ke ɗagewa idan yana jan bakin tulu, shi ya fito. Sau huɗu ta raka shi babban gari, har suka yarda aka rubuta shi da wannan yatsa. Allurar ta dawo gidan.

Ke ce, Ummu Ragab, mai ganin wanda gilashi bai gani ba. Shekara ashirin da shida ba ki taɓa ce wa tsoho ya je ya nemo mai waya ba. Wata mai zuwa za ki ajiye aiki. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mun gode, Allah ya saka miki.

Kai kuma da za ka hau kujerarta, ɗaga kai ka dubi mutum kafin ka dubi na'ura. Mu tsofaffi mun yarda mu mutu, amma sau ɗaya.