Buhun da Manaja Ya Kulle a Ofis

Manajan gona, kai ka ci yatsu biyu a hannun autata, ba maciji ba. Kai ne kuma ka kori mutumin da ya ceci ranta, ka ɗora masa laifinka. Riƙe wannan tukuna, zan dawo kanka. Bari mutane su fara sanin wanda ka kora.

Mai Buhu ake ce masa. Gyaran shinge aka ɗauke shi ya yi a gonar kaji, shekara talatin da ɗaya ke nan, amma ba da shinge aka san shi ba. Kullum da safe, kafin a buɗe wa kaji, sai ya zura takalmin roba mai kaiwa gwiwa, ko da ana zafin da ƙwai zai dahu a ƙasa, ya ɗauki ƙugiyarsa ta rodi, ya rataya buhu a kafaɗa, ya zagaya. Yana duba bayan tankin ruwa, da ƙarƙashin buhunan abincin kaji, da inda aka jibge tsofaffin kwanukan rufi. In zai ɗaga kwano, ta wajensa yake jawo shi, don abin da ke kwance a ƙasa ya fita ta can. Hannunsa ba ya shiga inda idonsa bai riga ya shiga ba. Ramin ɓera kuwa, in ya gani, bai da sukuni sai ya cusa dutse ya shafe da siminti. Shi da mai kula da sito sun yi shekara ashirin suna faɗa a kan magana ɗaya: a ɗora buhuna a kan katako, a daina zube su a ƙasa, don ɓera ne ke gayyato maciji.

In ya kama, ba ya kashewa. Ya sa a buhu, ya ɗaure baki, ya ɗora a bayan keke, ya taka har duwatsun da ke ƙetaren rafi, inda ba gida, ba gona, ba hanyar dabbobi. Kafin ya saki, sai ya zura kan macijin a guntun tiyo, ya ɗan datse ɓawo ɗaya na fatar cikin macijin kusa da wutsiya da ƙaramin almakashi. Wannan ce shedarsa, don in wani ya dawo ya gane shi. Biyu suka taɓa dawowa, tun yana sabon hannu yana saki a kusa. Shi da bakinsa ya faɗa, ba wanda ya tambaye shi, ya kuma ƙara nisa. Tun daga nan bai sake ganin shedarsa a cikin shinge ba.

Leburori na tsokanarsa. Su ce surukansa sun gaishe shi, su ce ya kai amarya gida lafiya? Ya yi dariya ya ce ai surukan sun fi su kunya, don su ba sa sara sai an taka su. In aka matsa masa da tambaya me ya sa ba zai buge abin a huta ba, amsarsa ɗaya ce: wanda ya matsa kusa don ya buga, ya matsa kusa don a sare shi. Ya ce a ƙirga waɗanda aka sara a ƙauyukan kewaye, a ga nawa ne sanda ke hannunsu lokacin. Ya ce kuma wanda ya ƙarar da macizai ya shirya ciyar da ɓeraye.

Kada wani ya ɗauka ɗan'uwansu ne. Ya kashe uku, kowa ya gani. Ɗaya gamsheƙa ce da ta fasa kai a ɗakin matar direban gonar, tsakaninta da jariri bai kai taku biyu ba, kuma ba wurin juya ƙugiya. Bugu ɗaya ya yi mata. Da ya fito aka fara yi masa kirari, sai ya ce a bar shi, ba abin biki ba ne.

Kai ne, Mai Buhu, wanda mata ke shiga ɗakin kaji kwasar ƙwai ba tare da sun duba ƙafarsu ba, don sun san ka riga su shiga. Shekara talatin da ɗaya ba a ɗauki kowa daga gonar nan zuwa asibiti da saran maciji ba. Ba wanda ya taɓa yi maka godiya a kan wannan, don abin da bai faru ba ba a ganinsa.

Sai bara mai gona, wanda ke zaune a birni, ya turo sabon manaja. Yaro ne mai takalmi mai ƙyalli da waya biyu. Sati bai cika ba ya ga Mai Buhu zai fita da buhu a keke, ya tare shi a ƙofa, ya tambayi me ke ciki. Da aka gaya masa, ya ja da baya har ya taka kwatami.

"Baba, gona muke yi a nan, ba gidan zu ba. Daga yau duk wanda aka gani a sare kansa."

"Ranka ya daɗe, in an sare kan, a kira ni in binne," in ji Mai Buhu. "Kan yana sara ko ba jiki."

Manaja ya yi dariya, ya juya ya gaya wa leburori cewa tsufa ya fara taɓa Baba. Ai kowa ya san in an sare kan maciji magana ta ƙare. Wasu suka taya shi dariyar, don mai sabon shugaba ba ya rasa haƙora.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Mai Buhu na can ƙarshen gona yana ɗaure waya a shinge. Aka ɗaga buhun abinci a sito, sai ga kasa, sarkin barci, ta naɗe tana huci. Ba ta bi kowa ba. Da an ja ƙofa an aika a kira mai ƙugiya, da yanzu tana cikin duwatsu. Amma manaja ya ce kada a kira kowa. Ya karɓi adda, ya sara sau huɗu kafin ya samu, kan ya faɗi gefe. Ya ɗaga gangar jikin ta wutsiya, ya miƙa wa mai sito waya ya ce a ɗauke shi hoto, ya yi tsayuwar maharbi. Sannan ya waiwaya ya ga Auta da tiren ƙwai, ya ce ta ajiye ta kwashe ƙazantar nan.

Auta yarinya ce mai jin magana, ni na rene ta haka, yau ina da-na-sani. Ta share da tsintsiya, kan ya gangaro daga abin kwasar shara, ta sa hannu ta ɗauka. Mai Buhu ya ji hayaniya, ya taho a guje da shekarunsa sittin da wani abu, yana kiran kada a taɓa kan. Muryarsa ta iso, shi bai iso ba. Kan ya kama ta a yatsa.

Wurin ya rikice. Wani ya zaro reza zai tsaga, wani ya kwance igiya zai ɗaure damtse, wata ta ce a tsotse. Mai Buhu ya ture su duka da kafaɗa. Ya zare mata zobe da awarwaro tun hannun bai kumbura ba, ya ɗora hannun a kan guntun katako ya naɗe sako-sako, ya ce kada ta taka ko taku ɗaya. Shi ya ɗauke ta ya sa a akori-kurar gona. Auta ta gaya mini duk hanya yana ce mata, "'Yata, kalle ni, kada ki kalli hannun." A asibiti shi ya gaya wa likita irin macijin, da girmansa, da lokacin da ya sara. Likita ya ce wannan ne ya sa ba su ɓata lokaci ba. Ta rayu. Yatsu biyu suka ruɓe aka cire.

Suna can, manaja ya tara gangar jikin da kan, ya zuba kananzir, ya cinna wuta. Sannan ya kira mai gona ya ce ɗaya daga cikin macizan da tsohon ke saki ne ya dawo ya sari ma'aikaciya. Bai ambaci adda ba, bai ambaci wanda ya ce a kwashe ba. Da Mai Buhu ya dawo da yamma, jinin Auta a rigarsa, ya tarar an kulle ƙugiyarsa da buhunsa a ofis, mai gadi na sunkuyar da kai yana gaya masa an ce kada ya ƙara shigowa.

Na je gidansa da fushina. Na same shi a zaune yana lanƙwasa sabon rodi a kan dutse. Na ce ya tashi mu je ya rantse wa mai gona cewa macijin ba nasa ba ne.

"Uwar Auta, ban ga cikin macijiyar ba," ya ce. "Ba zan rantse a kan abin da ban gani ba. In tawa ce, da sheda a wutsiya. Ga shi sun ƙone ta."

Na zage shi ranar, Allah ya yafe mini. Na ce gaskiyarsa ta yi yawa har ta zama cuta. Shi kuwa sai tambaya ya yi ko Auta ta fara cin abinci.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Wata biyu bayan korar, gamsheƙa ta shiga kicin ɗin gidan manaja da rana tsaka, matarsa na kan tebur tana kuka da goyo a baya. Ba addar mijinta ta nema ba, Mai Buhu ta aika a kira. Ni da ni ce, da na ce keke ya yi faci. Shi ya je. Ya kama, ya ɗaure, ya taka har duwatsu. Maigidan na cikin mota, gilashi a rufe, har aka gama. Washegari ƙofar gona na nan a kulle ga Mai Buhu kamar jiya.

Kai ne, Mai Buhu, wanda aka kora da ƙarya, ka koma ka fitar da mutuwa daga gidan wanda ya kore ka. Na gode, Mai Buhu. Auta ta gode, da yatsunta takwas da ranta guda. Ku kuma masu gonaki da masu gidaje a bakin daji, in kun ga maciji ku ja yara baya, ku rufe ƙofa, ku kira wanda ya san aikin. Ku share ciyawa, ku toshe ramuka, ku ɗaga buhunanku daga ƙasa. In dole ta sa aka kashe, a binne kan da shebur, kada hannu ya taɓa. Samari su je su zauna wajen tsohon nan su koya tun yana da ƙarfin taka keke.

Yanzu na dawo kanka, manaja. Ka ƙone maciji, amma ka manta da hoto. Mai sito ya ce ta wutsiya ka riƙe macijiyar, cikinta na kallon waya, tas ya fito. Mai gona zai zo ƙarshen wata, kuma zan kasance a bakin ƙofa tare da Auta, hannunta a buɗe. Ka fito da wayar a gabansa, a buɗa hoton, a duba wutsiyar. In da sheda, Mai Buhu zai riga kowa faɗa, na san halinsa. In babu, ka buɗe ofis ka miƙa masa buhunsa da hannunka biyu a gaban leburorin da suka taya ka dariya. Da sheda ko babu, tambaya ɗaya tana nan, kuma ba zan bar ƙofar ba sai ka amsa ta. An gaya maka kan yana sara. Wa ya ce wa 'yata ta ɗauka?