Gorar da Yaya Kulu Ta Zura Rijiya

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayata Kulu, Allah Ya jiƙanta. Har yau idan bazara ta kama, na kishingiɗa a inuwa, nakan ji kamar tana bayana tana dama farau-farau, ludayi na taɓa ƙwarya a hankali.

Shekarun da aka sami mulkin kai, ina amarya a Fakku, maigidana Garba haƙar rijiya yake yi. Yakan dawo rigarsa ta yi fari da busasshen gumi. Yaya ta taɓa lakata ta kai baki, ta ce, "Gishiri na. Mijinki narkewa shikai, ke kina ba shi ruwa tsura." A wurinta ruwa tsura baƙo ne mai sauri, ya shiga ya fita. Sai an sa masa nono, ɗan gari, tsamiya da gishiri kaɗan yake zama a jiki. Zaƙi mai yawa kuwa, ta ce ƙishi yake ƙarawa.

Wata azahar aka zo da gudu: Garba na can ƙasan rijiya, ƙafafunsa sun ɗaure, hannunsa ya ƙi riƙe igiya. Ramin mutum ɗaya yake ɗauka. Tun safe abokan aikinsa ke zura masa ruwa, ya sha har cikinsa na ƙugi, jiki sai ƙara mutuwa yake. Ni dai na tsaya bakin rijiyar ina ta kiran sunansa.

Yaya ta ratsa maza da gorar damunta, ta ɗaura a igiya, ta leƙa.

"Kai Garba! Kurɓa za ka yi, ba kwankwaɗa ba. In ka mutu can, wa za ya ɗauke man wagga rigimammiya?"

Muka yi ta jira, inuwa na matsawa. Can sai murya ta taso, siririya: "Yaya, nonon ga na rowa ne."

"Ya tashi," in ji ta. "Ku ja."

Daga baya ya ce mini sama ta zame masa kamar faifai, gorar na saukowa tana juyi kamar wata.

Yanzu a Tambuwal nake. Ina ganin 'yan acaɓa da masu buga bulo suna ɗaga lemon kwalba mai sanyi, su shanye, jim kaɗan su sake nema. Da Yaya na nan, na san za ta karɓa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta tambayi ina gishirin. Da aka kawo ruwan gishiri da sukari na asibiti, tana da rai. Dariya ta yi, ta ce ashe likitoci ma sun iya damu, nono kawai suka manta.

Ba ta bar gona ba, ba ta bar ɗa ba. Amma ranar da ta zura gorar nan, ko cikin fari ban yi ba. Duk wannan hayaniya da ta cika mini gida yau, 'ya'ya da jikoki, bayan wannan ranar suka zo. Nakan dube su suna faɗa a kan tuwo, in yi wa Yaya addu'a.